Na Binne Ɗana Babu Suna, Babu Baftisma

Mama, barka da aiki. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya.

Na daɗe ina leƙa shafin nan a wayar matata, amma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba, don a ganina shafin mata ne. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ina roƙo a sakaya sunana da na garinmu.

Ni ɗan Katolika ne daga kudancin Kaduna, malamin firamare, shekarata 38. Shekara bakwai da aurenmu, muna da 'ya mace guda, 'yar shekara biyar. Tun daga kanta shiru, sai bana Allah ya ba matata ciki. A wajen awo suka lissafa mana cewa haihuwa za ta faɗo a makon Kirsimeti. Ina cikin ƙungiyar mawaƙan cocinmu, har abokaina suna tsokanata wai bana jaririn da za a kwantar a komin dabbobi daga gidana za a ɗauko shi.

A watan Yuli, ciki na wata huɗu, wani dare ana ruwa ta tashe ni ta ce mararta na murɗawa. Kafin in kunna tocila jini ya ɓalle. Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti a motarsa. Muna isa aka miƙo mini takarda in je in sayo magani da safar hannu da ruwan ƙari. Kemis na farko a rufe, na biyu ba su da rabin kayan. Kafin in dawo komai ya wuce. Wata nas ta miƙo mini ƙaramin kwali, ta ce, "Oga, sai haƙuri, a je a rufe." A bayan ɗakin na tsaya na buɗe. An naɗe shi da ɗankwalin matata. Namiji ne, Mama. Bai fi tafin hannuna ba, amma yatsunsa goma cif, na ƙirga su.

Da asuba ni da ƙanena muka haƙa rami a gefen gonarmu, gindin ɗorawa, muka rufe shi. Ban yi addu'a ba. Ko alamar gicciye ban yi ba. Ban kira Fada ba, ban kira katikis, malamin addini na cocinmu, ba. Hankalina na asibiti, inda ake yi mata wankin ciki ana neman jini.

Allah ya tashi kafaɗarta. 'Yan Zumuntar Mata sun zo, sun yi waƙa, sun kawo abinci, na gode musu. Kowa ya shigo sai ya ce da ni, "Yaya mai jiki?" Abin da ake faɗa mini kuwa bai wuce uku ba: "In ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau." "Kai namiji ne, ka ƙarfafa ta." "Allah ya kawo mai zama." Har yau babu wanda ya yi mini ta'aziyya. Ranar Litinin na koma makaranta na tsaya gaban allo.

Bayan mako biyu na sami wani dattijo, wanda ya koya mana katikisim muna yara, na tambaye shi ina ɗana yake. Ya yi shiru, sannan ya ce wanda bai sami baftisma ba ba ya ganin fuskar Allah, amma kada in damu, akwai wani wuri da ake kira limbo, ba wuta ba ce, ba kuma sama ba, can irin waɗannan yara suke zama ba tare da azaba ba. Na san lallashina yake yi. Amma tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba. Da ban fita sayen magani ba, da ina wurin, da ko ruwan leda ne na zuba masa.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyu kafin abin ya faru mun yi cacar baki a kan kuɗi, ban biya mai ruwa ba, ita ta je bohol ta ɗauko jarka biyu. Mahaifiyata kuwa cewa take yi akwai hannun mutane a ciki, tana so mu je wurin wani mai addu'a a kan dutse wanda yake ba da jiƙo.

Na daina waƙa. Ranar Lahadi nakan raka su coci, amma sai in tsaya a gindin mangwaro har a tashi. Tun Yuli ban karɓi Jikin Kristi ba. Idan na ɗauki rosari, carbinmu na addu'a, abin da ke fitowa daga bakina shi ne, "Me na yi maka?" Shekara biyar muna nobena, wato addu'ar kwana tara a jere, muna azumi, sai ya ba mu ya kuma karɓe. Na yi fushi da Allah, kuma ina tsoron wannan fushin.

Matata ba ta taɓa ganin hawayena ba. Sau ɗaya ta tambaye ni mace ce ko namiji, na ce ban duba ba. Ba ta san inda na binne shi ba. Kwana uku bayan ɓarin nononta ya kawo ruwa, na ji tana kuka a banɗaki, na tsaya a bayan ƙofa na kasa shiga. A makon jiya ta dube ni ta ce, "Kai dama abin bai dame ka ba." Mama, gara ta soka mini wuƙa. Yarinyarmu kuma har yanzu tana tambaya yaushe ƙaninta zai zo.

Ga Kirsimeti ta matso. Ina ɗana yake? Ni na jawo? Fushin da nake yi zunubi ne? In faɗa mata abin da na gani, ko in bar ta kada in fama mata ciwo?

Daga wani uba, kudancin Kaduna.

*

Ɗana,

Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Sannu da rashi. Allah ya ba ka dangana, kai da mai ɗakinka. Da wannan na fara tunda ka ce babu wanda ya faɗa maka, kuma haƙƙinka ne a faɗa maka. Ɗa ka rasa. Uban 'ya'ya biyu ne kai, ɗaya tana gida, ɗaya yana gindin ɗorawa.

Kwalin nan da ka ambata ya tsaya mini a maƙogwaro. Na yi shekaru masu yawa ina aikin ungozoma kafin in yi ritaya, kuma ni ma na miƙa wa maza irin wannan kwalin, da irin waɗannan kalmomin, ina sauri in koma kan mai zubar da jini. Ban taɓa bin ɗayansu bayan ɗaki na ga abin da yake yi ba. Yau ka nuna mini. Karin maganar tulu da ruwa kuwa, kada ka riƙe masu faɗinta a zuciya. Ta fito ne daga bakin tsofaffin da suka binne mata da yawa a kan gwiwa, kuma akwai gaskiya a cikinta, don jinin ɓari yana kisa, matarka ta tsallake rijiya da baya. Inda ta gaza shi ne abin da ya zube a gidanka yana da yatsu goma, kai ka ƙirga.

Bari mu ɗauki tambayar da ke hana ka barci. Ni ba Fada ba ce, tsohuwa ce 'yar Zumunta, amma abin da zan faɗa maka a rubuce yake, kana iya sa Fadanku ya buɗe maka.

Dattijon nan bai yi maka ƙarya da gangan ba. Abin da aka koya masa ya maimaita, mu ma haka su Fada na dā suka koya mana. Amma limbo ra'ayin malaman tauhidi ne, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna neman yadda za su riƙe abu biyu a hannu ɗaya: cewa baftisma wajibi ce, da kuma cewa Allah ba ya zaluntar jaririn da bai aikata komai ba. Waliyyi Agustin, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya tsaurara a kan batun. Na bayansa suka sassauta, daga nan maganar limbo ta bazu har ta shiga bakin malaman katikisim. Duk da haka Ikilisiya ba ta taɓa ayyana shi a matsayin abin da dole kowane ɗan Katolika ya gaskata ba. Babban littafin Katikisim da aka fitar a 1992, zamanin Paparoma John Paul na Biyu, ko sunan limbo bai ambata ba. Abin da ya ce a sakin layi na 1261 shi ne, yaran da suka mutu babu baftisma Ikilisiya tana danƙa su ga jinƙan Allah, kuma tausayin Yesu ga yara, wanda ya ce a bar su su zo wurinsa kada a hana su, ya ba mu damar yin begen cewa akwai hanyar ceto dominsu. Kaɗan kafin nan, a sakin layi na 1257, akwai maganar da nake so ka rubuta a bangon littafin waƙarka: Allah ya ɗaura ceto a kan baftisma, amma shi kansa sakramentinsa ba su ɗaure shi ba. Mu aka ba wa ruwa da umarni. Shi mai ruwan, hannunsa a sake yake.

A 2007 kuma kwamitin malaman tauhidi na Fadar Batikan ya fitar da doguwar takarda a kan wannan tambaya taka, da amincewar Paparoma Benedict na 16, inda suka ce akwai dalilai masu ƙarfi na begen cewa irin waɗannan yara suna samun ceto, suna ganin fuskar Allah. Ba zan ƙara maka gishiri ba: kalmar da suka zaɓa bege ce, sun kuma faɗa a fili cewa wannan ba tabbataccen sani ba ne. Amma ka tuna, magabatanka da aka yi musu baftisma aka binne su da Misa, su ma babu wanda ya ba ka takardar shaida a kansu. Ga jinƙan Allah muka danƙa su, muna bege. A hannun da ka sa su, a nan ɗanka yake. Kuma bege a bakin Kirista ya fi "wataƙila" nauyi nesa ba kusa ba, don ya dogara ne a kan halin wanda aka ba wa ajiyar.

Dubi kalandar coci ma. Ranar 28 ga Disamba, cikin makon da aka lissafa maka haihuwa, Ikilisiya tana bikin yaran Baitalami da Hirudus ya sa aka kashe, 'yan shekara biyu zuwa ƙasa. Ko ɗaya daga cikinsu ba a zuba masa ruwan baftisma ba, kuma waliyyai muke kiransu. Na san nasu lamarin daban ne, shahidai ake lissafa su. Amma ya isa ya nuna maka cewa tun farko Ikilisiya ta san Allah yana da ƙofar da ba ta bi ta kwanon baftisma ba.

Game da ruwan leda da kake cewa da ka zuba masa: baftisma ta masu rai ce. A wata huɗu huhun jariri bai kai ya yi numfashi ba, galibi kafin ya fito rai ya riga ya fita. Da ka tsaya a ɗakin ma, mai yiwuwa abin da za ka tarar ke nan. Inda ka je kuwa, maganin ceton uwarsa ka je nema, cikin ruwan sama, da tsakar dare. Saboda masu karatu zan ƙara wannan: idan jariri ya fito da alamar rai komai ƙanƙantarsa, kuma ana ganin ba zai yi nisa ba, kowa yana iya yi masa baftisma, uba ko uwa ko nas, a zuba ruwa a kansa a ce "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Ba sai an jira Fada ba.

Addu'ar da ba ka yi da asubar nan ba, lokacinta bai wuce ba. Dokar coci, a sashe na 1183, ta ba bishop ikon yarda a yi jana'izar coci ga yaron da iyayensa suka yi niyyar yi masa baftisma amma ya mutu kafin nan, kuma a littafin Misa akwai addu'o'in da aka tsara musamman domin irin wannan yaro. Wanda yake nobena shekara biyar, wa zai yi shakkar niyyarsa? Ka je ofishin Fadanku a ranar aiki, ba a bakin ƙofa bayan Misa ba inda mutum talatin ke jan rigarsa. Ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Ka roƙi a yi Misa domin iyalinka, ka roƙe shi ya zo gona ya sa wa kabarin albarka.

Yanzu jarka. A nan da bakin ungozoma zan yi magana. Ɓari ya fi yadda mutane ke zato yawa, shirun da muke yi ne ya ɓoye shi. Wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa ana yin ɓari kusan miliyan 23 a duniya kowace shekara, kimanin 15 cikin kowane ciki 100 da aka san da shi. Mafi yawa a wata ukun farko suke faruwa, kuma kusan rabin waɗannan daga kuskuren ƙwayoyin halitta ne tun ranar da cikin ya shiga, abin da babu hannun uwa ko uba a ciki. Na wata huɗu irin naku ya fi ƙaranci, ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma dalilansa sukan bambanta: raunin bakin mahaifa da ke buɗewa kafin lokaci, ƙwayar cuta, ƙari a mahaifa, ciwon suga ko hawan jini da ba a kula da su ba, matsalar daskarewar jini, da zazzaɓin cizon sauro, wanda a Yuli, tsakiyar damina, ba abin rainawa ba ne. Jarka biyu da cacar baki ba sa zubar da lafiyayyen ciki. Matan ƙauyenku suna noma, suna daka, suna ɗaukar itace har ranar naƙuda. Da hakan na zubar da ciki da tuni garuruwanmu sun zama kufai. Ka ba ta haƙuri a kan faɗan, don faɗa ne, ka kuma riƙa biyan mai ruwa. Amma kada ka ɗora gawar ɗanka a kan wannan.

Abin da ya kamata shi ne ku ga likitan mata tare, kafin wani cikin ya shiga. A duba rukunin jininta, musamman ko nagetif ne, don akwai allurar da ake yi wa masu irin wannan jinin. A auna suga da hawan jini, a yi gwajin cututtuka, a ɗauki hoton mahaifa. Idan bakin mahaifa ne, akwai ɗaurin da ake yi a ciki na gaba, wajen ƙarshen wata na uku. Ta fara shan folik asid tun kafin ciki, ta kwana a gidan sauro, ta fara awo da wuri, ta sha maganin kariyar zazzaɓin da ake bayarwa a wajen awo. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya daga baya.

Mahaifiyarka jika ta rasa, ita ma neman inda za ta ajiye zafin take yi, don haka ka bi ta da ladabi. Amma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kada ya shiga cikin matarka. Kuma maganar hannun mutane, na ga inda take ƙarewa: a kan wata tsohuwar maƙwabciya, ko kishiyar wani, ko a juyo kan ita matar da ta yi ɓarin. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, cewa ya yi ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ka karanta mata Yahaya sura 9 cikin natsuwa.

Fushinka da Allah bai ba ni tsoro ba. "Me na yi maka?" da wa kake yi? Da shi. Wanda ya bar Allah ba ya tsayawa yi masa tambaya. Kai mawaƙi ne, ka san Zabura ta fi ni da kai baki. Buɗe ta 88, tun daga farko har ƙarshe ƙorafi ce, kuma a cikin duhu ta ƙare, babu "amma na gode" ko ɗaya, duk da haka tana cikin addu'ar da firistoci da sistoci ke yi. Ta 22 ita Yesu ya ɗauko a kan gicciye yana tambayar don me aka yashe shi. Ayuba ya yi ta jayayya da Allah sura bayan sura, abokansa suna kare Allah suna neman laifin Ayuba, a ƙarshe Allah ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi, su ne suka yi kuskure. Marta ta tari Yesu a hanya ta ce da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba, kusan maganarka ce, bai tsawata mata ba, a hanyar kabarin ma hawaye ya yi. Duk wanda ya ce maka ya san dalilin da ya sa aka ba ku aka karɓe, ka gaishe shi ka wuce.

Batun rashin shiga Misa, ka kai shi gaban Fada a wurin furta zunubi, shi ne mai wannan hurumin, ba ni ba. Ni dai abin da na gani shi ne, wata huɗu ƙafarka tana kai ka har gindin mangwaro kowace Lahadi. Taku nawa ne daga nan zuwa bencin baya? Ka shiga ka zauna. Ba sai ka yi waƙa ba. Shekara nawa kana yi wa masu makoki waƙa, bari wannan karon su yi maka.

Akwai wani uba da nake so ka sani, Luwis Martin, mai gyaran agogo a Faransa. Shi da matarsa Zeli sun haifi tara, sun binne huɗu suna ƙanana tsakanin 1867 da 1870. Autarsu ita ce Waliyyiya Tereza ta Jariri Yesu, kuma su ma iyayen Paparoma Francis ya ayyana su waliyyai a 2015. Abin da ya sa na kawo su shi ne, a gidan nan ba a taɓa cire huɗun daga lissafi ba. Ana kiran sunayensu, har Tereza, wadda ba ta taɓa ganinsu ba, ta taso tana roƙon addu'arsu a matsayin yayyenta. Yaro yana zama ɗan gida ne idan ana ambatonsa.

A nan zan ja maka kunne, ɗana. An ce maka kai namiji ne ka ƙarfafa ta, sai ka ɗauka ƙarfafawa ita ce ka zama dutse. Ka ga abin da ya haifar. Matarka wata huɗu tana makoki ita kaɗai a gidan da mutum biyu suka yi rashi. Tana kallon fuskarka ba ta ga komai, kuma mace a irin wannan hali ba ta tsayawa a kan "bai dame shi ba". Tana wucewa zuwa "yana ganin laifina ne", "yana ganin na gaza", "wataƙila yana tunanin wata". Ita ma tana da nata jarkar da take ƙirgawa da dare, na tabbata. Maganar da ta faɗa maka a makon jiya, ƙwanƙwasa ƙofa take yi. Kai ka tsaya a bayan ta banɗaki ka kasa shiga, ita ma yanzu tana bayan taka.

Kuma ka yi mata ƙarya, ko da ta tausayi ce. Ita ta ɗauke shi wata huɗu, jikinta ya haɗa masa nono, amma kai kaɗai ka ga fuskarsa, kai kaɗai ka san inda yake kwance. Wannan ajiyarta ce a hannunka. Kana tsoron fama mata ciwo, alhali ciwon bai taɓa rufewa ba balle a fama shi.

Ka zaɓi dare bayan yarinya ta yi barci, ka kashe waya. Kada ka fara da labarin kwali. Ka fara da kanka: ka ce mata abin ya dame ka, ba ka barci, ka daina waƙa saboda shi. Sannan ka ce, "Ranar da kika tambaye ni, ban faɗa miki gaskiya ba. Na gan shi. Kina so ki ji?" Ka bar mata zaɓi. In ta ce ba yau ba, ka jira. In ta yi fushi don ka ɓoye, ka karɓa, tana da gaskiya. In hawaye ya zo maka, ka bar shi ya zubo, shi take nema ta gani tun Yuli. Idan baki ya ƙi buɗewa, ka miƙa mata wayarta ta karanta wasiƙar nan. Tunda a nan take karatu, mai yiwuwa ma ta riga ta gane ɗankwalinta.

Bayan haka ku raɗa masa suna, ku biyu. Na san a al'ada ba a yi wa ɓari suna, kuma wasu za su ce kun cika zurfafawa. Babu dokar coci da ta hana, ba kuma sai an yanka rago ko an tara jama'a ba. Ku je gindin ɗorawar tare, ku kafa ɗan gicciye ko ku jera duwatsu yadda garma ba za ta bi ta kai ba. Ka kira ƙanenka, shi ma ya riƙe fartanya a ranar. Yarinyarku kuma a faɗa mata gaskiya daidai kunnenta: ƙaninta ya mutu tun yana ciki, yana wurin Allah, ba zai zo gida ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Kada a ce mata ya yi barci ko ya yi tafiya, yaro ɗan shekara biyar yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, sai ta zauna jira ko ta fara tsoron kwanciya.

Kada ku yi gaggawar neman wani cikin don a toshe bakin mutane. In Allah ya kawo, ƙanin wannan ne ko ƙanwarsa, na uku a lissafi. Idan kuma watanni suka ƙara tafiya ɗayanku ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya iya aiki, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa, wannan ya zama na likita, ku je asibiti kamar yadda za ku je don zazzaɓi.

Ku kuma 'yan ƙungiyar maza na coci, da ku maƙwabta Musulmi da Kirista da ke karanta shafin nan: idan matar mutum ta yi ɓari, bayan "yaya mai jiki" ku dafa kafaɗarsa ku ce masa ya haƙuri.

Makon Kirsimeti zai yi muku nauyi, kada ka yaudari kanka. Za a kwantar da jariri a komin dabbobi, abokanka da suka yi maka tsokana za su rasa inda za su sa idonsu. Idan Misar dare ta fi ƙarfinka ka je ta safe. Amma ka yi ƙoƙari maganar da ke tsakaninka da matarka ta riga ranar zuwa, ka kuma nemi Fada ya sa Misar taku ranar 28 in zai yiwu. Bayan nan ka sake rubuto mini. Ba sai ka faɗi sunanka ba. Na yaron nake so in ji, in sa shi cikin rosarina.

Taka,
Mama